Yadda ake ƙara wa injunan tsofaffin motocin Amurka ƙarfi, da abin da hakan ke jawowa

A ranar Asabar ta uku ta watan Agustan kowace shekara, titin Woodward da ya taso daga birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka kan cika maƙil da dubban tsofaffin motoci. Tun 1995 ake gudanar da wannan gangami, kuma abin da ya fi jan hankalin 'yan kallo shi ne rugugin wasu motoci da aka ƙera fiye da shekara 50 da suka wuce, waɗanda mutum kan ji ƙararsu a ƙirjinsa tun kafin su iso gabansa.

Amurkawa na kiran su muscle cars, wato motoci masu ƙwanji. Ko wanda bai taɓa taka ƙasar ba zai iya tuna kamanninsu idan ya kalli fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, inda Vin Diesel ya tuƙa baƙar Dodge Charger ƙirar 1970 mai wata na'ura da ta faso murfin inji ta leƙo waje.

Duk da ƙarfin da aka ƙera motocin da shi, da yawa daga cikin masu su ba su gamsu ba. Akwai masana'antu da garejoji masu yawa a Amurka da ba su da wata sana'a sai ƙara wa waɗannan injuna ƙarfi. Aikin yana yiwuwa, har ma akan ninka abin da inji ya fito da shi daga kamfani. Sai dai kuskure ɗaya na iya tarwatsa injin da ba a ƙera irinsa yanzu, ko ya zubar da darajar motar da ta kai ta miliyoyin daloli, ko ya jefa direba cikin haɗari.

Wane irin inji ne wannan?

Galibin masu bin tarihin motoci na danganta farkon wannan yayi da shekarar 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya ɗauki injin manyan motocinsa ya saka a wata matsakaiciyar mota, ya raɗa mata suna GTO. Matasa suka yi rububin sayenta, sauran kamfanonin Detroit kuma suka shiga gasa.

Makamin gasar shi ne injin da ake kira big block, mai silinda takwas da aka jera huɗu-huɗu a siffar harafin V, cikin ƙatuwar gangar jiki ta baƙin ƙarfe. Chevrolet na da 396 da 427 da 454. Chrysler, mai Dodge da Plymouth, na da 383 da 440 da kuma shahararren 426 Hemi. Ford na da 390 da 428 da 429.

Waɗannan lambobi girman cikin silindojin ne a ma'aunin inci na Amurka. A ma'aunin lita, 454 ya kai lita 7.4, wato ya ɗan ɗara injin Toyota Corolla mai lita 1.8 har guda huɗu a haɗe. Nauyinsa kuwa ya kai kimanin kilo 300.

Gasar ta kai ƙololuwa a 1970. A shekarar ce Chevrolet ya fitar da Chevelle SS mai injin 454 samfurin LS6, wanda aka rubuta masa ƙarfin doki 450. An rubuta wa Hemi 425, sannan 428 Cobra Jet na Ford 335, ko da yake masana da dama na ganin kamfanonin kan rage lambar da gangan domin kada kamfanonin inshora su tsawwala wa masu saye.

Yadda ƙarfin ya zube

Yayin bai daɗe ba. A 1970 Amurka ta ƙarfafa dokarta ta tsaftace iska. A motocin 1971 kamfanin General Motors ya rage matsin cikin injunansa domin su iya shan fetur mai ƙarancin dalma. A 1972 aka sauya yadda ake auna ƙarfin doki, aka koma gwada inji da salansa da duk kayan da yake ja a cikin mota, lambobin suka ƙara faɗuwa. A 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka saka takunkumi, farashin fetur ya tashi. Zuwa tsakiyar shekarun 1970, injin 454 da aka taɓa rubuta wa 450 ya koma ƙasa da 250.

Sai dai ba a daina ƙera gangar jikin injin ba. An ci gaba da saka ta a motocin a-kori-kura da manyan motocin ɗaukar kaya na tsawon shekaru. Don haka yawancin manyan injunan da ake samu a yau ƙattai ne da aka shaƙe wa wuya: cikinsu na da faɗi, amma an rage musu matsi, an kuma takura hanyoyin numfashinsu. A nan ne masu gyara ke samun abin yi.

Inji famfon iska ne

Duk wani injin fetur irin wannan na aiki ne a matakai huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su ƙone su turo fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi.

Ƙara fetur abu ne mai sauƙi, amma fetur ba ya ƙonewa sai da iska. Kowane kilo ɗaya na fetur na buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas, kuma inji kan fi ba da ƙarfi idan rabon ya sauko zuwa wajen 12.5 ko 13. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce yawan iskar da zai iya shaƙa ya fitar a kowane minti. Duk dabarun da ake yi ba su wuce huɗu ba: a buɗe masa hanyar numfashi, a ƙara matsi, a faɗaɗa cikinsa, ko a ɗura masa iska da ƙarfin tsiya.

Akwai kuma bambanci tsakanin ƙarfin murɗawa da ƙarfin doki. Ƙarfin murɗawa shi ne wanda ke fizgar mota daga tsaye har direba ya ji bayansa ya manne da kujera. Ƙarfin doki kuwa yana fitowa ne idan an haɗa wannan murɗawa da saurin juyawar inji. LS6 na kai ƙarshen murɗawarsa a juyi 3,600 a minti, ƙarshen ƙarfin dokinsa kuma a 5,600. Motar da ke yawo a cikin gari ta fi rayuwa a ƙasa da juyi 3,500, don haka gyaran da ya ɗaga lambar doki amma ya kashe murɗawar ƙasa zai bar mai mota da abin da ya fi na da nauyin tashi a danja.

Matakin farko: lafiyar injin

Ƙwararrun makanikai kan fara ne da auna matsin kowace silinda, da duba ko zoben fistin ko bawul na yoyon iska, da ƙarfin hawan baƙin mai. Injin da ya gaji ba ya ɗaukar ƙarin kaya.

Daga nan sai wuta. Motocin shekarun 1960 na amfani da kwantak, irin wanda tsofaffin makanikan Peugeot 504 suka sani, wanda ke cinyewa ya kuma yi rauni idan inji ya ɗauki gudu. Sauya shi da na lantarki, da daidaita lokacin da fulogi ke ba da wuta, da saita kafireto, kan dawo da ƙarfin da ya ɓace ba tare da an kwance inji ba. Wannan shi ne gyara mafi araha, kuma shi ne wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa.

Buɗe hanyar numfashi

Iska kan bi ta kafireto, ta ratsa bututun rarrabawa, ta shiga ramukan da ke kan silinda, ta wuce bawul. Bayan ƙonewa hayaƙi ya fita ta wani bawul ɗin zuwa salansa. Duk inda hanyar ta fi ƙunci, nan ne iyakar ƙarfin injin, kome girman sauran sassan.

Kan silinda, wanda makanikai ke kira top, shi ne ya fi tasiri. Chevrolet ya ƙera iri biyu: mai ramuka masu siffar ƙwai, da mai manyan ramuka masu kusurwa huɗu na injunan tsere. Mutane da yawa kan ruga ga manyan, alhali a ƙaramin gudu iska na tafiya a hankali cikin rami mai faɗi, kamar yadda ruwa ke rasa ƙarfi a ƙaton bututu. Ga motar titi, mai siffar ƙwai da aka gyara da kyau kan fi amfani. Kamfanoni irin su Edelbrock da Brodix da AFR na ƙera sababbi da alminiyom, masu ramukan da aka tsara da kwamfuta, waɗanda kuma ke rage wa gaban mota nauyin kimanin kilo 30.

Kamshaf kuwa, wato sandar nan mai ƙusumbi da ke buɗe bawuloli, ita ke yanke tsawon lokacin da kowane bawul zai kasance a buɗe da kuma zurfin buɗewar. Wadda ke daɗewa da bawul a buɗe na ba da ƙarfi a babban gudu, kuma ita ce ke haifar da gurnanin nan mai tsalle-tsalle da masoya motocin ke so. Amma tana raunana inji a ƙaramin gudu, tana kuma rage zuƙar iskar da na'urar taimaka wa birki ke dogaro da ita. Mai motar da ya zaɓi kamshaf don daɗin ƙara na iya taka birki ya ji shi kamar dutse.

Akwai wani tarkon. Tsofaffin kamshaf na goga ne kai tsaye da tafet mai shafaffen gindi, kuma suna buƙatar sinadarin zinc da phosphorus a cikin baƙin mai. An rage waɗannan sinadarai a man motocin zamani domin suna lalata na'urar tace hayaƙi. Idan aka saka sabuwar kamshaf da man da bai dace ba, tana iya cinyewa tun a tashin farko, garin ƙarfen ya bi mai ya zagaye inji. Shi ya sa akan bar sabon inji yana juyi 2,000 zuwa 2,500 na tsawon minti 20 zuwa 30 da mai na musamman, ko kuma a koma tafet mai ƙaramar taya a gindi, wanda ya fi tsada amma ba ya da wannan matsala.

Shi ma kafireto yana da lissafinsa. Injin 454 da ke juyi 6,000 a minti, ko da yana cika silindojinsa taf, ba zai zuƙi abin da ya kai 800 ba a ma'aunin da Amurkawa ke auna iskar kafireto da shi. Injin titi kuma ba ya cika su taf, don haka abin da yake buƙata bai kai haka ba. Wanda ya ɗora mai lamba 1,050 na motocin tsere zai ga motar na shaƙewa duk lokacin da ya taka totur. A 'yan shekarun nan kamfanoni irin su Holley na sayar da na'urar fesa mai ta kwamfuta mai kama da kafireto, wadda ke auna hayaƙi tana gyara rabon mai da kanta. Ba ta cika ƙara doki da yawa a kan kafireton da aka saita da kyau ba, amma tana sauƙaƙa tashin safe da tuƙin yau da kullum.

A ɓangaren fita, akan cire tukwanen ƙarfen da ke tara hayaƙi a saka dogayen bututu, ɗaya ga kowace silinda. Hayaƙin da ke fita da gudu daga wata silinda kan taimaka wajen zuƙo na mai bi mata.

Sharaɗin duk waɗannan shi ne su dace da juna, kuma su dace da giyar motar. Babbar kamshaf a kan injin da ba shi da matsi, ko manyan ramuka a bayan ƙaramin kafireto, asarar kuɗi ce.

Matsi da matsalar fetur

Gwargwadon yadda fistin ya matse iska da mai, gwargwadon ƙarfin da ƙonewar za ta bayar. LS6 na matse su har sau 11.25, Hemi na titi kuma 10.25. Injunan tsakiyar shekarun 1970 sun sauko zuwa wajen 8. Ɗaga su zuwa 9.5 ko 10 ta hanyar sauya fistin ko kan silinda na ƙara ƙarfi a kowane gudu.

Abin da ke taka wa wannan birki shi ne fetur. Injunan 1970 an ƙera su ne don fetur mai dalma, wadda ke hana mai fashewa da kansa a ƙarƙashin matsi. Amma dalma guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta haramta ta a man motocin titi baki ɗaya daga farkon 1996, kuma a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cewa an daina sayar da irin wannan fetur ga motoci a duk duniya, bayan Aljeriya ta ƙarar da nata.

Idan matsi ya fi ƙarfin fetur, wani ɓangare na man kan fashe da kansa maimakon ya ƙone a tsare. Direba zai ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, idan ma rugugin salansa ya bar shi ya ji. Fashewar na fasa gefen fistin, ta ƙona gasket, ta daddaki metal, daga ƙarshe inji ya buga. Kan silinda na alminiyom na saurin fitar da zafi, don haka yana jure matsin da ya ɗan ɗara na baƙin ƙarfe. Rashin dalma ya kuma sa akan dasa wa tsofaffin kawunan silinda mazaunin bawul mai tauri, domin a da dalmar ce ke kare wurin daga cinyewa.

Faɗaɗa ciki da ɗura iska

Hanya ta uku ita ce a ƙara wa injin girma. Faɗin silindar 454 inci 4.25 ne, tafiyar fistin kuma inci 4. Idan aka ɗan rarake silindar aka kuma saka karanshaf mai tafiyar inci 4.25, injin ya zama 496, wato lita 8.1, alhali daga waje babu abin da ya sauya. Wannan na daga cikin gyare-gyaren da aka fi yi, domin yana ƙara murɗawa daidai inda motar titi ke buƙatarta. Injin 496 mai kan silinda da kamshaf da suka dace kan haura doki 500 da man gidan mai.

Hanya ta huɗu ita ce ta na'urar da ke leƙowa ta murfin Charger ɗin fim. Asalinta famfon iska ne na injunan dizal na GMC, wanda 'yan tsere suka ɗora a kan injin fetur, bel na juya shi. Nauyin iskar da ke kewaye da mu a gaɓar teku fam 14.7 ne a kan kowane murabba'in inci, don haka ƙarin fam 7 na nufin kusan rabin iskar da injin ke samu a da. Turbo ma aikin da yake yi ke nan, sai dai hayaƙi ne ke juya shi. Akwai kuma iskar nitrous, wadda Jamus ta yi amfani da ita a jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana sakin iskar oxygen idan ta ji zafi, kuma da danna maɓalli ɗaya tana iya ƙara doki 100 ko fiye na 'yan daƙiƙoƙi.

A wannan mataki kuskure ba ya yafiya. Idan famfon mai ya gaza na daƙiƙa biyu, iska ta rinjayi fetur, zafi na iya huda fistin. Dole a koma fistin da karanshaf da kwanrod na ƙarfen da aka daka maimakon wanda aka zuba, da ƙusoshi masu ƙarfi, sau da yawa kuma a rage matsin asali.

Sauran jikin motar

Da yawa daga cikin motocin sun fito ne da birki mai ganga a ƙafafu huɗu, da siraran tayoyi irin na wancan zamani. Ba su da jakar iska, ba su da na'urar hana taya ƙullewa ko sulɓewa. Ko da ƙarfinsu na asali, gudunsu ya fi tsayawarsu.

Don haka mai ƙara doki 200 sai ya sake birki zuwa mai faifai, ya faɗaɗa lagireto domin ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, ya kuma duba ko giyabos da aksul na baya za su jure. Sunaye irin su Turbo 400 da TorqueFlite 727 a giya, da Dana 60 da Ford mai inci 9 a aksul, sun yi suna ne saboda ba sa saurin karyewa. Kuɗin waɗannan kan kai na injin kansa, kuma su ne akan jinkirta idan aljihu ya yi sanyi.

Doka ma na da ta cewa. Dokar tarayyar Amurka ta hana cire na'urorin rage hayaƙi daga motar da ke hawa titi. A Kalifoniya, motocin ƙirar 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci, amma na 1976 zuwa sama na zuwa, abin da ya sa shekara ɗaya tak ke iya sauya irin gyaran da mutum zai iya yi.

Ƙarfi ko daraja?

Tambaya mafi nauyi ita ce ko ya kamata a taɓa injin ma. A kasuwar tsofaffin motoci, wadda har yanzu ke ɗauke da injin da ta fito da shi, lambar jikinsa ta yi daidai da ta motar, ta fi kowace tsada. A 2014 an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen sama ƙirar 1971 a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon kamfanin Mecum. A 2020 Ford Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968 ita ma ta kai kusan wannan farashi, duk da tsatsa da lotsawar da ke jikinta.

Lambar tana buge ne a jikin gangar injin. A injin Chevrolet tana kan shimfiɗar da kan silinda ke zama, wurin da injin goge ƙarfe ke iya shafe ta a wucewa ɗaya idan mai aikin bai kula ba. Idan kuma kwanrod ya tsinke ya fasa gangar, babu kuɗin da zai dawo da ita.

Mafitar da masu motoci da dama suka samu ita ce sayen sabon inji cikin akwati. Chevrolet da kansa na sayar da irinsu har yau, kuma a 2021 ya gabatar da ZZ632 mai lita 10.3 da ƙarfin doki 1,004, ba tare da turbo ko famfon iska ba, da man gidan mai. Wannan ya ninka LS6 na 1970 fiye da sau biyu, daga tsarin injin da aka fara sayarwa a 1965. Mai mota sai ya ɗora sabon ya yi wasansa a filin tsere, ya kuma cire na asalin, ya zuba wa silindojinsa mai, ya naɗe shi da leda ya ajiye a lungun gareji, har ranar da za a kai motar gwanjo ko a miƙa ta ga magada.